Takarda Ta Bakwai

A shagon Dogara mai buga takardu, nan Tudun Wada,
janareta na tari, mu huɗu mun matsu a benci.
Ina faɗa, yaron shago yana dannawa.
Ya ɗago kai: "Baba, haƙƙi zan sa ko alfarma?"
Na ce sa haƙƙi. Alfarma mun roƙe ta shekaranjiya.

Shekara talatin da biyar mabuɗai na kaɗawa a ƙuguna,
ganduroba ne ni a Ƙofar Doka.
Na ƙirga mutane da asuba, na ƙirga su da magariba,
lissafina bai taɓa yin giɓi ba.
Yau ni ne na ɓace a cikin kwamfuta,
wai sai na je da ƙafata na shaida ina duniya.

Mun sa maganar albashi a layin farko,
wanda ke shigowa kamar baƙon da ya zo da sallama a baki,
kafin sha biyar ga wata ya ɗauki takalmansa.
Mai shinkafa a Sabon Gari ya fi akanta sanin bashinmu,
mai haya kuwa ya daina jin kunya.

Layi na biyu na Saje Mantau ne.
Hutun mako biyu ya nema, matarsa na kwance a Shika,
aka ce babu mai karɓar hasumiyarsa, ya ɗan dakata.
Amincewa ta iso ranar sadakar bakwai,
da hatimi, da sa hannu, da fatan ya huta lafiya.

Kofur Asabe ba za ta sa hannu ba,
tana cikin kaki, mai kaki kuwa ba shi da baki.
Ta biyo ta Gyallesu da dare, ta damƙa min dubu biyu a dunƙule:
"Ka ƙara a kuɗin mota, kada ka ce ni ce."
Da irin wannan muka haɗa guzurin tafiya.

Na hau mota a Ɗanmagaji kafin kiran assalatu,
fayil a ƙirji, maganin hawan jini a aljihu.
A ƙofar Majalisa wani yaro mai bindiga ya tare ni,
ya buɗe fayil, ya karanta, ya daɗe bai rufe ba.
"Baba, kun manta alawus na aikin dare,"
ya faɗa a hankali, idonsa na kan hanya.

Ciki akwai sanyi, kafet ya haɗiye ƙarar sandata.
Shugaban kwamiti ya shiga taro, in ji mataimakinsa.
Aka ba ni shayi a kofi mai bakin zinariya,
aka buga wa takardata hatimi, aka ɗora ta kan 'yan'uwanta shida.
Na gane su, har da wadda miya ta ɗiga wa bara.
Ya ce ana dubawa.
Na ce guga ma na duba ruwa, in an sake shi cikin rijiya.

Goma ta wuce na sauka a Kwangila.
Mai shayi ya ce, "Sufeto, an dace?"
Na ce an karɓa. Ban ƙara ba, ban yi masa ƙarya ba.
A nan ya gaya min an kai Mantau bayan la'asar,
fanshonsa na wata ashirin da uku na can a baya.

Da safe na koma wajen Dogara.
Yaron ya ce, "Tana nan a ajiye, kwanan wata kawai zan canza.
In goge lamba ta tara?"
Na ce bar shi.
Sa marigayi a gaban sunan, ka sa na 'yarsa Jummai a ƙasa,
ka ƙara alawus na dare,
ka rubuta ta takwas, daga Zariya.